Babi na Bakwai: Cibiyar da Ta Yi Kama da Asibiti

To, mene ne laifinsu? Wannan ita ce tambayar da kusan kowane Bahaushe yake yi idan aka ba shi labarin cibiyoyin da ƙungiyoyin Kirista suka buɗe a Amurka domin hana mata zubar da ciki. Mutane ne masu riƙo da addininsu suka tara kuɗi, suka kama hayar gini, suka yi shela cewa duk macen da ciki ya zo mata ba shiri ta taho, za a yi mata gwaji kyauta, a ba ta kayan jariri, a lallashe ta ta haifi abinta. A wurinmu, inda Musulmi da Kirista suka haɗu a kan ƙyamar zubar da ciki, kuma dokar Najeriya ba ta yarda da shi ba sai don ceton ran uwa, albarka za a sa wa mai irin wannan aiki. To me ya sa a can manyan ƙungiyoyin likitoci suke kuka da su, har wasu jihohi suna maka su a kotu?

Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce, ai masu goyon bayan zubar da ciki ne ke jin haushi an tare musu hanya. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin siyasa ta shiga maganar dumu-dumu. Amma wanda ya tsaya nan bai ji rabin labarin ba. Ƙorafin da ya fi nauyi yana kan hanyar da mace ke bi ta shiga ƙofar cibiyar, da abin da take zaton za ta tarar, da abin da ake gaya mata bayan ta zauna. Mutum yana iya ƙin zubar da ciki har cikin ransa, kuma wannan ƙorafi ya dame shi. Ni dai ya dame ni.

Daga ina suka fito?

Cibiyoyin sun girmi hukuncin Roe na 1973, wanda ya halatta zubar da ciki a duk faɗin Amurka. A 1967 wani ɗan Katolika mai suna Robert Pearson ya buɗe wadda ake ɗauka a matsayin ta farko, a jihar Hawai. Shekara guda bayan haka Louise Summerhill ta kafa ƙungiyar Birthright a birnin Toronto na Kanada. Daga nan manyan iyayen ƙungiyoyi suka biyo baya: wadda yanzu ake kira Heartbeat International a 1971, wadda ta zama Care Net a 1975, sai NIFLA a 1993, wadda aikinta shi ne ba cibiyoyin shawarar shari'a da nuna musu yadda za su riƙa yin wasu ayyukan asibiti. Mafi yawan cibiyoyin suna ƙarƙashin ɗaya ko biyu daga cikin waɗannan, daga nan suke samun horo da takardun da suke rabawa.

A yau sun haura 2,500. Asibitocin da ke zubar da ciki kuwa wajen 800 ne a 2020, kuma da dama sun rufe bayan hukuncin Dobbs na 24 ga Yunin 2022, wanda ya rushe Roe ya mayar wa kowace jiha ikon yin dokarta. Ke nan a kan kowane asibiti ɗaya akwai cibiya kamar uku. A jihohin kudu tazarar ta fi haka nesa ba kusa ba. Ma'aikatansu galibi matan coci ne 'yan sa-kai, waɗanda ba a biyan su ko kwabo.

Yadda mace ke samun kanta a ciki

A ɗauki yarinya 'yar shekara 19, ɗaliba, wadda ta ga watanta ya wuce. Ba ta gaya wa kowa ba. Da dare ta ɗauki waya ta rubuta a Google cewa tana neman asibitin zubar da ciki mafi kusa. A saman abin da ya fito akwai wuri mai suna irin na asibitin mata, wani lokaci har da kalmar “zaɓi” a cikin sunan, kalmar da a Amurka kowa ya san ta masu goyon bayan zubar da ciki ce. Shafin ya yi alkawarin gwaji kyauta, hoton ciki kyauta, da bayani a kan duk hanyoyin da ke gabanta. Can ƙasa, da ƙananan haruffa, an rubuta cewa ba sa zubar da ciki kuma ba sa tura kowa inda ake yi. Wadda hankalinta ke tashe ba ta cika karanta ƙananan haruffa ba.

Ba katari ba ne ya kai sunan cibiyar saman shafin. Sayen gurbin talla aka yi, aka ce wa kamfanin ya nuna shi ga duk mai neman zubar da ciki. A 2022 wata ƙungiya mai bin diddigin intanet, CCDH, ta gwada irin wannan bincike a jihohin da ke shirin haramtawa, ta tarar fiye da kashi ɗaya cikin uku na wuraren da taswirar Google ta nuna cibiyoyin nan ne. A shekarar Google da Yelp suka fara sa alamar da ke bambance su da asibitoci.

Dabarar ta girmi intanet. Littafin jagora da gidauniyar Pearson ta fitar a shekarun 1980 ya shawarci masu buɗe cibiya su zaɓi sunan da ba zai tona manufarsu ba, kuma idan mace ta bugo waya tana tambaya ko ana zubar da ciki, a kauce wa amsa kai-tsaye, a jawo ta ta zo. Har yau akwai cibiyoyin da ke kama haya daura da asibitin zubar da ciki, wasu ma a gini ɗaya, yadda mai ranar ganin likita za ta iya kuskure ƙofa. Manyan ƙungiyoyin sun ce sun bar waccan hanya, har sun rattaba hannu a kan takardar alkawarin faɗin gaskiya a talla da kuma ga duk wadda ta shigo. Akwai cibiyoyin da ke cika alkawarin, tun a waya su ce mata, “Mu ba ma zubar da ciki, amma ki zo mu yi magana.” Waɗannan ba ni da ta cewa a kansu ta wannan fuska. Sai dai babu hukumar da ke bi ta tabbatar kowa ya cika, kuma macen da ke riƙe da waya ba ta da hanyar sanin wace iri ta kira.

Farar riga da na'urar hoto

Da ta shiga, za ta ga teburin karɓar baƙi, a miƙa mata takarda ta cike tarihin lafiyarta, wata mai sanye da kayan ma'aikatan jinya ta kai ta ɗaki. Komai na asibiti ne a ido. A wasu cibiyoyin da gaske akwai nas mai lasisi, da likitan da ya ba da sunansa yake duba hotuna daga nesa. A wasu kuwa babu ma'aikacin lafiya ko ɗaya, gwajin ma irin na fitsari ne da ake saya a kanti, ita za a miƙa wa ta yi da kanta. Tun da ba a karɓar kuɗi, kuma a takarda ba magani ake yi ba, dokokin da ke kan asibitoci ba su hau kan mafi yawansu ba.

Kowa a unguwanninmu ya san mai kemis ɗin da ake kira likita. Yana da farar riga da abin awon jini, yana allura, wani lokaci har ƙarin ruwa. Sau da yawa mutumin kirki ne, yana ba da magani bashi, yana buɗe shago da tsakar dare idan an ƙwanƙwasa. Haɗarinsa yana bayyana ranar da ciwon ya fi ƙarfinsa: mara lafiya ya koma gida da natsuwar cewa an duba shi, saboda haka bai tafi asibiti ba sai da abu ya ta'azzara. Da ya san ba likita ya gani ba, da ya wuce gaba tun da wuri. Wannan ita ce fargabar da likitocin mata a Amurka suke nunawa.

Abin da ya ƙara wa cibiyoyin kama da asibiti shi ne na'urar ɗaukar hoton ciki. Ƙungiyar Focus on the Family ta fara shirin sama musu ita a 2004, ƙungiyar mazan Katolika ta Knights of Columbus ta bi sahu a 2009, kuma cikin shekara goma ta sayi fiye da dubu. Ba su ɓoye dalili ba. Sun yi imani cewa macen da ta ga ɗanta a allo, ta ga bugun zuciyarsa, da wuya ta zubar. Amma hoton da aka ɗauka domin taɓa zuciyar uwa daban yake da wanda likita ke ɗauka domin neman matsala. Yawancin cibiyoyin da kansu suna rubuta cewa hotonsu taƙaitacce ne, ba na gano cuta ba. Ita mace ba ta san wannan bambanci ba. Ta ga na'ura, ta ga mai farar riga, an ce mata komai lafiya.

A cikin kowane ciki ɗari, ɗaya zuwa biyu yakan zauna a wajen mahaifa, galibi a siririn bututun da ƙwai ke bi. Irin wannan ciki ba ya rayuwa ko me aka yi, kuma idan ya girma yakan fasa bututun, jini ya zuba a cikin cikin mace, ta mutu cikin sa'o'i idan ba a yi mata tiyata ba. Idan an gano da wuri, wani lokaci allura ma ta wadatar. A 2023 wata mata a jihar Massachusetts ta shigar da ƙara tana cewa wata cibiya ta yi mata hoto ta tabbatar mata cikinta lafiya lau, bayan makonni bututun ya fashe, sai da aka yi mata tiyatar gaggawa aka cire shi. A nan babu maganar ceton jariri, domin babu jaririn da za a ceta. Ran uwar ne kaɗai a kan siraɗi.

Abin da ake gaya mata

A 2006 ɗan Majalisar Wakilai Henry Waxman ya sa ma'aikatansa suka buga waya cibiyoyin da ke cin kuɗin gwamnatin tarayya, suna nuna su 'yan mata ne masu ciki. Sun samu 23. A cikinsu 20 sun ba da bayanin ƙarya ko mai ɓatarwa a kan illar zubar da ciki. An ce wa wasu yana jawo sankarar mama, an ce wa wasu zai hana su haihuwa nan gaba, wasu aka tsorata su da taɓin hankali.

A ɗauki maganar sankara. Shekara uku kafin wannan bincike, a 2003, Cibiyar Nazarin Sankara ta Ƙasa ta Amurka ta tara masana fiye da ɗari suka duba duk hujjojin da ake da su, suka yanke cewa zubar da ciki ba ya ƙara haɗarin sankarar mama. Maganar rashin haihuwa kuma tana da tushe a inda ake zubar da ciki a ɓoye, da ƙazaman kayan aiki, kamar yadda likitocinmu ke gani a asibitocin Najeriya da Nijar. A asibitin Amurka mai lasisi, musamman a watannin farko, matsala mai tsanani ba kasafai take faruwa ba. Wanda ke ganin zubar da ciki kisan rai ne yana da hujjarsa, kuma hujja ce mai nauyi wadda za ta iya tsayawa da ƙafarta. Idan ya jingina ta da sankarar da babu ita, ranar da mace ta gano ƙarya aka yi mata, har gaskiyar da aka gaya mata za ta zubar.

Akwai kuma wasa da lokaci, wanda ni a ganina ya fi tsoratarwa muni, domin ba a ganin sa. Ana ƙirga kwanakin ciki ne daga ranar da mace ta fara ganin jininta na ƙarshe. Saboda haka ranar da ta lura watanta ya wuce, a lissafin likita cikin ya riga ya kai mako huɗu. A jihohi irin su Jojiya da Fulorida da Iowa, doka ta rufe ƙofa a wajen mako shida. Kwana goma sha huɗu ke nan a hannunta, ko ƙasa da haka. Matan da suka je cibiyoyin sun ba da labarin an ce musu cikin ya yi ƙanƙanta a gani, su dawo bayan mako ɗaya ko biyu, ko an ce kada su yi gaggawa tun da ciki da yawa yakan ɓare da kansa. Ko da niyya aka yi ko ba da niyya ba, idan ta dawo an riga an yanke mata hukunci ba tare da ta sani ba. Jinkirin bai tsaya kan mai son zubarwa ba. Wadda ta yi niyyar haihuwa ma, idan ta ɗauka zuwanta cibiya ya zama awo, tana iya makara wajen fara awo na gaskiya, inda ake duba hawan jini da ciwon suga da sauran abubuwan da ke kashe masu juna biyu.

Sabon abin da ya shigo shi ne abin da suke kira juyar da ƙwayar zubar da ciki. A Amurka kusan kashi biyu cikin uku na zubar da ciki yanzu da ƙwayoyi ake yi, iri biyu. Ta farko, mifepristone, tana toshe aikin sinadarin progesterone da ke riƙe ciki. Ta biyu, misoprostol, ana shan ta bayan kwana ɗaya ko biyu ta sa mahaifa ta fitar da shi. Wani likita a Kalifoniya, George Delgado, ya yaɗa ra'ayin cewa idan mace ta sha ta farko ta yi nadama, a ɗura mata progesterone mai yawa, cikin zai tsaya. Heartbeat International tana da layin waya na musamman domin wannan. A kunne maganar ta hau hankali. Matsalar ita ce ƙwayar farko ita kaɗai sau da yawa ba ta zubar da ciki, saboda haka idan ciki ya tsaya ba a san ko maganin ne ya yi aiki ko dama can zai tsaya ba. A 2019 Dakta Mitchell Creinin na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis ya fara gwaji na tsanaki domin a raba gardama. Mata 40 ya yi niyyar ɗauka, amma ya tsayar da aikin a kan 12, domin uku daga cikinsu sun yi zubar jini mai tsanani har aka garzaya da su asibiti. Biyu cikin ukun ba progesterone aka ba su ba, abin da ke nuna haɗarin yana iya kasancewa a tsayawa bayan ƙwayar farko. Gwajin bai kai ga amsa ba, kuma Ƙungiyar Likitocin Mata ta Amurka ta ce babu hujjar kimiyya da ta tabbatar da wannan magani. Macen da ta yi nadama ta cancanci a taimake ta da duk abin da ke akwai, kuma ta cancanci a gaya mata cewa abin da za a ba ta ba a gama tabbatar da shi ba.

Sirrin da doka ba ta tsare ba

Takardar da ta cike a bakin ƙofa tana ɗauke da sunanta, da lambar wayarta, da ranar jininta na ƙarshe, da wanda ya yi cikin, da ko ta taɓa zubarwa, da addininta. A asibiti, dokar tarayya ta 1996 da ake kira HIPAA ta hana a fitar da irin wannan bayani. Dokar ta hau kan masu mu'amala da kamfanonin inshorar lafiya ne, cibiyoyin kuwa kyauta suke aiki, don haka mafi yawansu ba ta shafe su ba. Suna iya yin alkawarin riƙe sirri, da yawa kuma suna riƙewa, amma kariyar ba ta kai ta asibiti ba. Kafin 2022 wannan ƙaramar damuwa ce. Yanzu da jihohi fiye da goma suka haramta zubar da ciki kusan gaba ɗaya, kuma Teksas tun 2021 ta ba kowane mutum damar kai ƙarar wanda ya taimaka aka zubar ya karɓi aƙalla dala 10,000, takardar da ke nuna wance tana da ciki ranar kaza ta zama abin tsoro.

Kuɗin wa ake kashewa?

Da da kuɗin baikon coci kaɗai suke aiki, da gardamar ta yi sauƙi. Rahoton Waxman ya nuna sun karɓi fiye da dala miliyan 30 daga gwamnatin tarayya tsakanin 2001 da 2005. Daga baya jihohi suka karɓi ragamar. Teksas ta fara shirinta a 2005 da dala miliyan 5 na shekara biyu, zuwa 2021 ya kai miliyan 100. A 2022 kamfanin dillancin labarai na AP ya ƙirga kusan dala miliyan 500 da jihohi 13 suka zuba tun 2010, wasu daga asusun da aka ware domin tallafa wa iyalai matalauta. A ɗaya ɓangaren, gwamnan Pennsylvania, Josh Shapiro, ya kawo ƙarshen kwangilar jiharsa da masu rarraba irin wannan kuɗi a 2023, bayan kusan shekara talatin.

Kuɗin haraji na kowa ne, har da Musulmi da Bayahude da wanda ba ya bin kowane addini. A cibiyoyi da yawa kayan jariri ba haka kawai ake miƙa su ba. Mace za ta halarci darasi ko ta kalli bidiyo ta tara maki, da makin take fansar kunzugu ko gadon jariri, kuma a wasu wuraren karatun Littafi Mai Tsarki yana cikin abin da ke kawo maki. Ga masu cibiyar wannan bishara ce, kuma ba su ga abin kunya a ciki ba. Amma a tuna da baƙuwa 'yar Somaliya a Minnesota, ko 'yar Nijar a New York, wadda talauci ya kai ta ƙofar. Idan da kuɗin gwamnati aka sayi kunzugun, tana da haƙƙin ta samu ba tare da an sa mata sharaɗin wa'azi ba. Ga kuma wani giɓi: mafi yawan cibiyoyin ba sa ba da maganin tazarar haihuwa, ba sa kuma nuna inda ake samu, alhali rashinsa ne kan dawo da mace da wani cikin da ba ta shirya ba.

Abin da masu cibiyoyin ke cewa

Rashin adalci ne a rufe baki a kan alherinsu. Mai bincike Katrina Kimport ta Jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco, wadda ba 'yar ɓangarensu ba ce, ta zanta da matan da suka je irin waɗannan wurare, ta tarar yawancinsu ba zubar da ciki ya kai su ba. Sun riga sun yanke shawarar haihuwa, gwaji kyauta suke nema, ko takardar shaidar ciki domin neman inshorar gwamnati, ko kayan jariri, ko wanda zai saurare su. Da yawa sun fito suna godiya. A rashin uwa akan yi uwar ɗaki, kuma ga matan nan cibiyar ce ta buɗe ƙofa lokacin da babu wanda ya buɗe.

Masu cibiyoyin suna cewa ana yi musu kuɗin goro, a ɗauki laifin kaɗan a shafa wa duka. Suna kuma tuna wa mutane cewa a 2022, bayan da daftarin hukuncin Dobbs ya fita, an farfasa tagogin cibiyoyi da dama, an rubuta musu barazana a bango, an cinna wa wasu wuta, ciki har da wata a kusa da birnin Buffalo. Wannan ta'asa ce, babu ƙorafin da ya halatta ta.

Da aka je gaban alƙali

A 2015 Kalifoniya ta yi dokar da ta ɗora musu abu biyu. Cibiya mai lasisi ta manna sanarwa cewa jiha tana da shirin kula da masu ciki da tazarar haihuwa da zubar da ciki kyauta ko da rahusa, da lambar waya. Wadda ba ta da lasisi kuma ta bayyana cewa ita ba asibiti ba ce. NIFLA ta kai ƙara, a Yunin 2018 Kotun Ƙoli ta ba ta gaskiya da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu. Mai shari'a Clarence Thomas, wanda ya rubuta hukuncin, ya ce tilasta wa mutum ya tallata abin da ya kafa cibiya domin yaƙa tauye 'yancin magana ne. Game da sanarwa ta biyu ya ce an yi mata nauyi, domin a wasu yankunan sai an rubuta ta da harsuna har 13 a kan kowace talla. Mai shari'a Stephen Breyer ya yi ja, yana cewa tun da kotu ta yarda jiha ta tilasta wa likitan da ke zubar da ciki ya gaya wa mace cewa tana iya haihuwa ta ba da riƙo, bai ga dalilin da zai hana a tilasta wa ɗaya ɓangaren irin haka ba.

A kan sanarwa ta farko ina fahimtar masu cibiyoyin. Ba ƙaramin abu ba ne a ce wa mai imani ya manna lambar wayar abin da yake ganin kisan kai ne a bangonsa. A kan ta biyu ban ga abin da mai gaskiya zai rasa ba idan ya rubuta a ƙofarsa, da manyan haruffa, cewa nan ba asibiti ba ne kuma ba a zubar da ciki. Babu ɗaya cikin addinan da muke bi da ya yarda a yi ha'inci don manufa ta yi kyau, kuma cibiyoyin da suka fi mutunci sun riga sun rubuta hakan ba tare da doka ta sa su ba.

Tun daga wannan hukunci hannun jihohi ya ɗauru. Illinois ta yi dokar hana yaudara a 2023, alƙalin tarayya ya dakatar da ita cikin kwanaki, daga baya jihar ta haƙura. Kalifoniya a 2023 da New York a 2024 sun bi ta wata hanya, suka kai Heartbeat International ƙara a kan tallar maganin juyar da ƙwaya. Maganar ba ta tsaya a Amurka ba ma. A 2020 kafar labarai ta openDemocracy ta tura 'yan jarida mata cikin ɓad-da-kama zuwa cibiyoyin da ke da alaƙa da ƙungiyoyin Amurka a ƙasashe 18, ciki har da Yuganda da Afirka ta Kudu, suka dawo da labarin irin maganganun nan na sankara da rashin haihuwa.

Akwai tambayar da ke ƙarƙashin duk wannan, wadda ɓangarorin biyu ba su cika tsayawa a kanta ba. Me ya kai mace a ƙasar da ta fi kowace dukiya ga zaman darasi domin ta samu kunzugun jariri? Amurka ba ta da dokar tarayya da ta ba mai jego hutu da albashi, katin tallafin abinci na gwamnati ba ya sayen kunzugu, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na gundumomin ƙasar babu asibitin haihuwa ko likitan mata a cikinsu. Baƙar fata mai juna biyu ta fi farar fata haɗarin mutuwa wajen ninki uku. Babi na gaba zai shiga waɗannan gundumomi, ya bi sawun macen da ta yanke shawarar haihuwa, daga ranar da ta fara neman inda za ta yi awo har ranar da takardar kuɗin asibiti ta iso gidanta.